Ƙwan Kwaɗi a Fangalin Hajo

Da za a ce mani in zaɓi safiya guda a rayuwata in koma in gyara ta, ba zan zaɓi ranar da na gudu daga lakwal, makarantar boko, ban sake komawa ba, ko ranar da na sayar da raƙumin babanmu a kasuwar Dakoro da arha. Zan zaɓi wata safiya ta ƙarshen ɗari, shekara arba'in da wani abu ke nan, da na durƙusa a bakin wani ɗan fangali a garkarmu, na sa sakaina na kankare ƙasar samansa na watsar. Hancina ya ce kada in yi. Idona ya ce kada in yi. Na yi, don wani ya ce in yi. Har yau in na tuna sai in ji kamar in zabga ma kaina mari.

Jikata Balki ce ta tayar mani da wannan tsohon haushi. Ba a daɗe da kai ta ɗakinta ba, kuma da za ta tafi ta karɓi irin ɗoɗɗoya a wajen kakarta Hajo, matata, don ta shuka a gidan mijinta. Shekaranjiya da hantsi sai ga ta da rabin bidon roba a hannu, jarkar da ta yi shukar a ciki, an wanke shi tas.

Ta ce, "Kaka, a ƙara mani iri. Wancan ya ruɓe."

Hajo tana tsintar wake, ba ta ɗago ba. Ni na ce, "Ya ruɓe ƙaƙa?"

"Na watsa shi da yamma, na yi ban ruwa. Da safe na tarar duk ya yi fari-fari da yauƙi. Na ɗauki hoto na tura ma ƙawayena a waya, suka ce cuta ce, in zubar."

"Ke kin sunsuna?"

"Na sunsuna."

"Da wari?"

"Babu."

"To don mi kika zubar?"

"Tsoho, duk fa haka suka ce!"

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji Hajo tana dariya ƙasa-ƙasa cikin faifan wakenta. Ta ce, "Malam, ƙyale yarinya. Gado ta yi."

Shi ya sa na zauna rubuta wannan, da ɗan bokon da ya rage mani.

Shekarar da nake magana, damina ta ƙi. Mun yi shuka ta ƙone, mun sake ta ƙone. Wadda ta tsira ta kai gwiwa ta tsaya, ta fid da kai marar ƙwaya. Hadari yakan haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya muna kallo, iska ta zo ta kwashe shi kamar an naɗe tabarma. Da kaka ta yi, abin da muka kai rumbu bai rufe gindinsa ba. Makiyaya suka gangaro daga arewa da ragowar dabbobi, ƙasusuwa cikin fata. Bayan gari kuwa warin mushe ya hana mutum bi.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne shiru. Garin da ake tashi da ƙarar turmi, sai ga shi gari ya waye ba ka jin daka ko'ina. Da safe kunun dusa ne, tsararo, ka sha ka ji yana yawo a ciki. Mata su fita neman anza, su dawo su jiƙa ta, su yi ta sauya mata ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya ragu. Da rana a dafa ganyen jiga a barbaɗa gishiri. In an sami jar dawar taimako, ranar akwai tuwo, yara su kwana ba kuka.

Hajo a lokacin tana da cikin fari. Mutanen arewa ne su, wajen Azagor, suna ɗan noma suna kiwo. A ƙarshen daminar nan uwarta ta rasu, Allah ya jiƙanta, dabbobinsu suka ƙare, ƴan'uwanta maza suka watse, wasu kudu, wasu Agadas. Da ta je gaisuwa ta tarar zangon ba kowa sai wata tsohuwa mai jiran a zo a ɗauke ta. Ta dawo ba ta riƙe da komai sai tsohon mayafin uwarta, da ƙulli a bakinsa. Da ta kwance, iri ne, baƙi, ya fi riɗi ƙanƙanta, duka bai rufe tsakiyar tafin hannu ba.

Kowa ya san haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Hajo ba ta da gidan zuwa. Kuma a gidansu, in mace ta haihu, da ganyen ɗoɗɗoya ake dafa mata ruwan wanka, a jefa mata shi a kunu. Da shi aka yi ma uwarta, da shi aka yi ma yayyenta.

Ta ce, "Malam, ka shuka mani shi. Tunda ba zan je gida ba, ko ƙamshin gida ya zo."

Na ce, "Ƙaƙa innarki take shuka shi?"

"Ba ta shukawa. In kan ya bushe, sai ta kaɗe shi a gindin randa, ta bar shi nan."

Ni ma na san haka. Lokacin da nake zuwa zance gidansu, da idona na ga ɗoɗɗoyar nan a gindin randa, inda ƙasa ke da laima da inuwa. Ba wanda ya tona mata rami. A zuciyata na gama shawara tun a nan: a bisa ƙasa za a watsa, a yayyafa ruwa, a yi mata inuwa. Ku riƙe wannan, don ku san ba rashin sani ya kai ni ba.

A shekarar ne aka matsa mana da noman rani. Mu ƴan gidaje kaɗan muka haɗu muka yi garka a kwari, kusa da wata tsohuwar rijiya. Tare muka saro ƙaya, muka jawo ta a ƙasa har hannuwanmu suka yi jini, muka kewaye wurin. Ma'aikatan gona suka ba mu irin salati da shu, wato kabeji, da karoti, suka nuna mana yadda ake yi. Tun da sanyin safiya muke bakin rijiya, igiya tana yanka hannun da ɗari ya riga ya farfasa. Wani ya ja guga, wani ya juye, wani ya kai. Ba mu da abin ban ruwa na kanti, gwangwani muka huhhuda da ƙusa. Aiki ne mai wuya ga mai ciki wayam, amma akwai raha, don in mutum ya yi shiru sai yunwa ta fara yi mashi magana.

Babbanmu a garkar Kawu Nomau ne, wan uwata. Manomin hatsi ne na gaske, ba wanda ke ja da shi a kan gona. Da shi da ɗansa Illa, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa ganina ya wuce bai tsokane ni ba.

Na ware ɗan fangali a gefe, na daddaka kashin awaki na gauraya, na lallashe ƙasar da hannu. Na karɓi rabin irin a wajen Hajo. Ina ɗaga hannu zan watsa, sai na ji muryar Kawu a bayana.

"Kai, Abdu, mi kake yi haka?"

"Shuka, Kawu."

"A bisa ƙasa? Tururuwa kake ciyarwa ko tsuntsaye?"

"Ai haka uwar Hajo take..."

"Uwar Hajo, Allah ya jiƙanta, nono ta sani. Ni tun ba a haife ka ba nake shuka. Iri duk iri ne. A sara, a zuba, a taka. Miƙo mani sungumi."

Na miƙa mashi. Ina tsaye ina kallo ya sassara ramuka kamar na hatsi, ya sa ni na zuzzuba, na bi da dunduniya na danne. Ina takawa ina ji a jikina kabari nake rufewa. Na ci gaba da takawa. Kawu ne.

Salati ya fito. Karoti ya fito. Fangalin Hajo ko ɗigon kore babu. Sai masu shawara suka taso mani. Wanda bai taɓa shuka ko barkono ba ya zama gwani. Wannan ya ce ruwa ya yi kaɗan, na ƙara. Wancan ya ce na cika ruwa, na rage. Aka ce in barbaɗa toka, na barbaɗa. Aka ce kashin awaki zafi gare shi, na jaki ya fi, na bi jakuna da kwano. Wani ya ce baki ne ya kama wurin, in kafa sanda in kifa mata baƙar tukunya, na kifa. Wallahi da wani ya ce in yi ma fangalin kiɗa, da na nemo kalangu. Kuma duk wanda shawararsa ba ta ci ba, sai ya ce ta wancan ce ta ɓata tasa.

Kullum na dawo gida da yamma, Hajo takan kawo mani ruwa, ta jira in sha, sa'an nan ta ce, "Ya fito?"

In ce, "Tukuna."

Cikinta yana girma, wuyanta yana ramewa.

Da ɗari ya fara sassautawa na haƙura da wancan, na ce ta ba ni ragowar. Ta daɗe tana riƙe da bakin mayafin.

Ta ce, "Shi ke nan fa, Malam. Bayan wanga babu wani a duniya."

Na ce, "Na sani. Wannan karon yadda na ga dama zan yi."

Na jira ranar da Kawu ya tafi Sabon Maci gaisuwar mutuwa. Da la'asar sakaliya, mutane sun watse, na gyara sabon fangali. Na gauraya irin da rairayi mai laushi, na watsa a sama, na danna da tafin hannu a hankali. Na kafa ƴan itatuwa na shimfiɗa karan hatsi sama-sama don inuwa. Na yayyafa ruwa da gwangwani, rana tana faɗuwa, na tafi gida zuciyata wasai.

Da safe na ɗaga karan. Fangalin duka ya yi fari-fari, ƙwaya-ƙwaya, kowace da ɗigon baƙi a tsakiya. Na taɓa, yauƙi kamar miyar kuɓewa. Na durƙusa na kai hanci. Ba wari, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai. Na sake dubawa da kyau, na ga ɗigon baƙin nan na san shi, jiya da hannuna na watsa shi. Na ce a raina, irin ne ya sha ruwa ya kumbura, abu mai rai ne, a bar shi. Har na kai hannu zan mayar da karan.

Sai ga Illa da guga a kafaɗa. Ya leƙo, ya ja da baya, ya riƙe baki.

"La'ilaha illallahu! Abdu, barka da arziki! Dabbobin kowa sun mutu, kai ka samu garke."

"Garken mi?"

"Ƙwan kwaɗi ne wanga! Ka kwaso su a ruwa ka shimfiɗa masu gado, har da rumfa. Jama'a, ku zo ku ga Sarkin Kwaɗi!"

Aka taru a kaina. Wani ya ce lalle ya yi kama da ƙwan kwaɗi, ya taɓa gani a tabki. Wani ya ce a'a, ruɓa ce. Wani ya ce ko mi ne ne, a kankare shi kafin ya bi ruwa ya shiga salatin mutane. Illa yana ta kukan kwaɗo yana tsalle a tsugune, mutanen da suka kwana da yunwa suna dariya har da hawaye.

Na ce, "Amma ba ya wari."

Illa ya ce, "Ka taɓa jin ƙwai mai rai shina wari?"

Aka sake fashewa. Ban san lokacin da na ɗauki sakaina ba. Na kankare saman fangalin tas, na kai gindin shinge na watsar. Aka ce yauwa, kowa ya koma bakin aikinsa. Dariyar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Abin da uwar Hajo ta bari a duniya kuwa ya tafi cikinta.

Abin haushi, na ci gaba da ban ruwa a wannan fangalin, wai ko akwai irin da ya saura a ƙasa. Na san babu. Ina dai jin tsoron gida ne.

Ran nan Hajo ta ce, "Ya fito?" na kasa cewa tukuna. Na zauna na faɗa mata duka, ina ta jawo sunan Illa da na mutanen garka.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Kai mi ka gani?"

"Ai Illa ya ce..."

"Ban tambaye ka Illa ba. Kai mi ka gani?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Iri na gani."

Ta ɗauko mayafin, ta warware bakin da ya saba da ƙulli, ta shafa shi ya miƙe, ta ninke ta sa a ƙasan kwalla. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Daga ranar dai in na dawo, ruwa kawai take kawo mani. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Tun da hantsi ƙasa take ƙona ƙafa, ƙarfen guga ba ya taɓuwa, iska in ta buso kamar an buɗe bakin tanda. Ruwan rijiya ya ja baya, sai an jira ya taru, ya fito ja da laka. Salati ya yi tsawo ya yi ɗaci. Samari suka fara tafiya kudu ɗaya bayan ɗaya, masu jan guga suka ragu. Ƙafafun Hajo suka kumbura, takan zauna a inuwar ɗaki da jiƙaƙƙen zane a ka, tana numfashi da baki. Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta ce ita za ta tsaya mata a wankan jego, da ganyen dogon yaro kamar kowa.

Wata safiya awakin da yunwa ta haukata suka fasa mana shinge. Ni da Kawu muka je toshewa. Na ɗaga wani reshen ƙaya, daidai inda ruwan fangalin salati yake gangarowa ya tsaya, sai na ga ƴan tsirrai biyu, sirara, ba su kai taƙi ba.

Kawu ya ce, "Ciyawa ce. Cire ta, tana shanye mana ruwa."

Kun san mi na yi? Na kai hannu. Bayan duk abin da ya faru, hannun nan nawa ya sake tafiya shi kaɗai, don an ce. Har na kama gindin guda. Allah ya sa yatsana ya murje ganye. Ƙamshin ya bugo ni, sai ga ni a zangonsu Hajo, a tsugune kusa da randa, uwarta tana miƙo mani nono a ƙwarya. Wurin da na watsar da ƙasar ne. Ƙwan kwaɗin Illa ne suka yi ganye.

Na saki. Na ce, "Kawu, wannan ta zauna."

"Mi ka ce?"

Na sake cewa, "Ta zauna. Daga rabon ruwana za ta sha."

Ya dube ni kamar jakinsa ne ya yi magana. Ya ce, "Ruwanka ne," ya ci gaba da jan ƙaya.

Ban faɗa ma Hajo ba, don ina tsoron su mutu in kashe mata abu ɗaya sau uku. Na rage masu ƙayar sama su sami haske, na bar ta gefe saboda awaki. Masu shawara suka dawo, mai cewa in cire su in dasa a fili, mai cewa in ƙara taki. Ina cewa to, ba na yi. A lokacin na gane ashe ana iya ce ma mutum to, a bar shi da to ɗinsa.

Hajo ta sauka wata ranar zafi, bayan azahar. Ɗiya mace. Ina zaune a waje gumi yana bin bayana, sai Gwaggo ta fito tana ɗaura zane. Ashe labarin garka ya daɗe da isa wajen mata.

Ta ce, "An ce kana ɓoye da ganyen gidansu. Tashi ka tumɓuko shi duka, tukunya tana bisa wuta."

Kawu da ya zo barka ya ce, "Ka ji abin da aka ce. Don yau ka shuka shi, ajiyar mi za ka yi?"

Har Illa ya ce gaskiya ne. A karo na farko bakin kowa ya zo ɗaya, kuma maganarsu ba ta banza ba ce.

Na tafi garka da sauri, na tsuguna a gabansu. Sun ɗan yi tsawo, sun kusa gwiwa, amma ba su da yawan ganye. A can saman kowace na ga ɗan tohon fure ya fara leƙowa. In na tumɓuke su, Hajo za ta yi wanka ɗaya, ko biyu in an yi tattali, daga nan ɗoɗɗoyar uwarta ta ƙare har abada. In na bar su, za ta yi jegonta na fari babu abin da ta roƙe ni. Na waiga, garka ba kowa, rana ta kori mutane. Ba wanda zan tambaya. Na lura kuma, ba na son in tambaya.

Na tsinki ganyen ƙasa, manya-manyan, ƴan kaɗan daga kowace. Na cire hulata na zuba a ciki. Na mayar da ƙaya na rufe.

Gwaggo ta leƙa hular ta ɗaga murya. "Wannan ko shayi bai isa ba! Maijego za ka yi ma rowa? Ina sauran? Kai dai Abdu, tun kana yaro ba a aike ka ka dawo daidai ba!"

Ta yi ta yi. Sai muryar Hajo ta fito daga bayan asabari, a shaƙe.

"Gwaggo, a miƙo mani hular."

Aka shigar mata. An daɗe ba a ji komai ba sai ɗan kukan jaririya. Can na ji wani kukan, na babba, irin wanda ake danne shi da zane. Kukan da ba ta yi ba ranar da ta dawo daga Azagor, ba ta yi ba ranar da na faɗa mata na watsar.

Da ya lafa ta ce, "Malam."

"Na'am."

"Ka bar sauran?"

"Na bari. Sun fara fure."

"Wa ya ce ka bari?"

Na ce, "Ba kowa."

Ta ce, "To."

A shekarun zamanmu Hajo ta faɗa mani maganganu masu daɗi, amma ba wadda ta kai wannan to ɗin.

Kada ku ɗauka abin ya gyaru ne. Da ganyen dogon yaro ta yi wankanta har ta gama, ganyen hula kuwa Gwaggo ta riƙa jefa mata ɗaya-ɗaya a kunu har ya ƙare. Da na bar fangalin nan yadda yake, da lokacin haihuwa ɗoɗɗoya ta cika shi, da ta yi wanka da ita safe da yamma kamar yayyenta. Ta haifi wasu bayan nan, ganye har ana kyauta, amma haihuwar fari ba ta dawowa. Wannan ni na hana ta, da sakaina.

Ranar suna aka yanka wata ramammiyar akuya, aka sa ma yarinya sunan uwar Hajo, muna kiranta Uwani. Ita ce uwar Balki. Ina zaune da Illa yana gwaguyar ƙashi, na ce mashi, "Kai, tsakaninka da Allah, ƙwan kwaɗin nan, a ina ka san shi?"

Ya dube ni, ya ajiye ƙashin. "Wai da gaske ka ɗauka? Ni ina na taɓa ganin kwaɗo a rijiyar nan? Wasa nake! Na ga ka yi tsugune kamar mai jiran gawa, na ce bari in motsa ka."

"To da ka ga na ɗauki sakaina, don mi ba ka hana ni ba?"

"Na ce ko ka san abin da kake yi ne. Fangalinka ne. Kai ma dai, Abdu, wa ke ɗaukar maganar taubashi ya yi aiki da ita?"

Na bi shi da muciya har waje, mutane suna cewa wasan taubasai ne. Ni ba wasa nake ba.

Ruwan farko na daminar da ta biyo ya sauka kawunan ɗoɗɗoya sun bushe. Na yanko su na kawo gida, Hajo ta kaɗe su da hannunta a gindin randa. Washegari wurin ya yi fari-fari da yauƙi. Ta kira ni ta nuna mani.

Yanzu kwarin nan akwai famfo mai aiki da hasken rana, ba mai jan guga. Iri a ƴan ledoji ake sayar da shi a kasuwa, da hoto a jiki. Randar ma ta koma kusurwa, yara sun fi son ruwan firijo, amma Hajo ba ta yarda an ɗauke ta ba, kuma gindinta bai taɓa rabuwa da kore ba. Masu shawara ne dai ba su ragu ba. Namu a bakin rijiya suke, kana ganin fuskarsu, in ta ɓaci ka bi mutum da muciya. Na su Balki a cikin waya suke.

Hajo ta ƙulla ma Balki wani irin a bakin gyale, ta ce, "Tafi da kakanki ya nuna maki. Duk garin nan ba wanda ya kai shi sanin yadda ba a yi."

Jiya da yamma muka watsa a bidonta. Yau da safe na koma dubawa, Illa ya biyo ni yana dogara sanda, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa. Ya leƙa bidon, ya ja da baya, ya riƙe baki.

"Kwaɗi!"

Balki ta durƙusa ta sunsuna, ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. Ta ce, "Na ji, tsoho. A bar su su yi ganye."

To, ku da kuka karanta wannan, roƙona guda ne. Ku ji maganar manya, ku ji ta abokai, ban hana ba. Amma in abin da ke gabanku shi ke nan babu wani, kuma da hannunku kuka shuka shi, kuka durƙusa kuka sunsuna ba ku ji wari ba, don Allah kada ku yi irin tawa. Ku bari a yi maku dariyar, ba ta daɗewa. Ku ajiye sakainar, ku mayar da karan, ku dawo gobe.